Kunnen Baba: abin da na rubuta daga hunturu zuwa azumi

Lahadi, 8 ga Disamba 2024

Yau na tarar da na'urorin jin Baba guda biyu a cikin gwangwanin da yake ajiye goro, an naɗe su da tsumma. Inna ta ce yau kwana tara rabonsa da sa su. Ni ban lura ba, sai dai na ga ya daina fita majalisar ƙofar gida bayan la'asar, na ɗauka sanyin Jos ne ya kore shi. Ashe ba sanyi ba ne. Mutumin da duk layinmu a Unguwar Rogo aka san shi da hira, yanzu sai ya zauna a ɗaki da carbi, in an yi masa magana ya gyaɗa kai, ko ya ji ko bai ji ba. Wannan gyaɗa kan shi ya fi ci mini rai.

Shekararsa 74. Kusan shekara talatin ya yi a tsaye kan injin niƙa a Farin Gada, kuma a nan jinsa ya fara tafiya. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, in mutum yana cikinta awa takwas kullum, tana kashe ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Shekara biyu da suka wuce ni da ƙannena muka haɗa kuɗi aka yi masa na'ura, irin wadda ake ratayawa a bayan kunne. Tana da jiki mai ɗauke da makirufo da batir, da 'yar ƙugiya, da siririn tiyo, sai robar da aka zuba daidai da siffar kunnensa.

Na durƙusa na ce, "Baba, me suke yi maka ne?" Ya ce, "Bar su kawai, sun tashi aiki." Sai da na lallaɓa shi sannan ya faɗi abu uku, na kuwa rubuta su yadda ya faɗa. Ta hagu, in ji shi, maganar mutane kamar daga cikin rijiya take fitowa, wani lokaci ma shiru. Ta dama tana kuka kamar gyare, har na kusa da shi a sahu yana waiwayowa. Sannan ta hagun tana ɗaukewa tana dawowa kamar wutar NEPA.

Saura ƙasa da wata uku azumi, kuma Baba bai taɓa fashin tafsiri ba. Niyyata kafin a ga wata ya koma yana ji.

Talata, 10 ga Disamba

Na fara da batir, tunda shi ya fi sauƙi. Na ce Inna ta kawo mini inda ake ajiye su. Ta kawo kwalin, sai na ga duk guda shidan an ɓare musu 'yar takardar da ke manne a baya. Ita ta ɓare, da kyakkyawar niyya, don yatsun Baba sun yi tauri ba ya iya kama takardar.

To wannan batirin ba irin na tocila ba ne. Da tutiya da iska yake aiki. A bayansa akwai ƙananan huji, takardar ita ke toshe su, kuma da zarar an ɓare ta iska ta shiga, ya fara ci ke nan, ko an sa shi a na'ura ko yana kwance a kwali. Mayar da takardar ba ya dawo da shi sabo. Wato makonni ke nan Baba na cire mataccen batir yana sa wanda ya kusa mutuwa.

Na sayo sabon kwali a wani kemis kusa da Terminus, na duba ranar ƙarewar wa'adinsa kafin na biya. Nasa lamba 13 ne, mai takarda ruwan lemo. Mai lamba 312 takardarsa ruwan ƙasa ce, mai lamba 10 rawaya, babban nan 675 shuɗiya, kuma launin ɗaya ne ko wane kamfani ya yi, don haka na ce wa Inna launi kawai za ta riƙa dubawa in an aiki yaro. Sabuwar doka a gidan: ba a ɓarewa sai za a sa, in an ɓare a bari ya sha iska kamar minti biyu, da dare kuma a buɗe ƙofar batirin.

Ta dama ta ƙara ƙarfi, kukan gyaren ma ya ƙaru tare da ita. Ta hagu tana nan a cikin rijiya.

Asabar, 14 ga Disamba

Akwai gwajin da ma'aikaciyar asibiti ta nuna mini tun ranar da aka ba mu na'urar, na manta da shi sai yau. Ka kunna ta, ka dunƙule ta a tafin hannu, ka kai kunnenka. In tana da rai za ta yi fito. Ta dama ta yi fito mai kaifi. Ta hagu sai wani ɗan siririn kuka kamar na sauro. Da na zare tiyon daga ƙugiyar na sake dunƙulewa, sai ta tsala fito kamar 'yar'uwarta. Ke nan injin lafiya lau yake, hanyar da sautin ke bi ce ta toshe.

Na fito tsakar gida na ɗaga robar a rana. Bakin hujin da sauti ke fita ya cushe da dattin kunne, ya bushe ya yi baƙi kamar ƙullin daddawa, bai fi kan ashana girma ba. A cikin lanƙwasar tiyon kuma ga ɗigon ruwa guda ɗaya yana sheƙi. Wannan ɗan abin shi ya raba dattijo da majalisarsa.

Na ajiye jikin na'urar can nesa a kan tebur, don shi ruwa ba ya taɓa shi. Robar da tiyon kaɗai na jiƙa a ruwan ɗumi da ɗan sabulu na minti goma, na sakace dattin da 'yar wayar da ta zo a cikin kwalin, na ɗauraye. Saura kaɗan in hura da baki, sai na tuna tururin baki shi ma danshi ne. Na yi amfani da 'yar robar hura iska da ta zo tare da kayan, wadda tun da aka kawo ta ba wanda ya san amfaninta, jikokin Baba ma wasa suke yi da ita. Na bar su suka kwana a kan tsumma.

Da asuba na haɗa na sa masa. Inna tana kicin ta ce wa ƙanwata ta miƙo mata ludayi, sai Baba daga ɗaki ya ce, "Yana kan randa." Inna ta leƙo tana kallona, ba wanda ya ce komai.

Juma'a, 20 ga Disamba

Saura gyare. Na bi shi masallaci na tsaya kusa da shi don in ji da kunnena. A tsaye shiru. Da ya yi sujada sai fito, da ya ja mayafinsa ya rufe kunne saboda sanyi sai fito. Wani yaro a gabanmu ya waiwayo bayan sallama, na ga Baba ya kai hannu a hankali ya zare ta ya jefa aljihu.

Wannan kukan daidai yake da wanda lasifikar masallaci ke yi idan ladan ya matso da makirufo kusa da ita. Sautin da na'urar ta ƙara wa ƙarfi ta tura cikin kunne, in ya sami kafa ya tsiyayo waje, sai makirufon ya sake ɗauka ya sake ƙarawa, haka har ya zama fito. Hula, rawani, mayafi ko tafin hannu duk suna mayar da shi ga makirufon. Aikina shi ne in gano kafar.

Na gano ɗaya a wajen alwala. Baba yana cire su sau biyar a rana don shafar kunne, ya mayar da su cikin gaggawa da jiƙaƙƙen hannu a jiƙaƙƙen kunne. Ga inda ɗigon ruwan nan ya fito. Sannan saman robar yana da ɗan ƙaho da ya kamata ya shige ƙarƙashin naɗin kunne na sama, shi kuwa yana barinsa a waje, robar tana zaune a karkace. Mun zauna gaban madubi muka yi ta maimaitawa: ya ja kunnen baya da ɗaya hannun, ya tura, ya murɗa, ya danna ƙahon. Na sa masa ɗan ƙaramin tawul a aljihun riga don goge kunne da hannu bayan alwala.

Fiton ya ragu, amma bai tafi ba.

Alhamis, 2 ga Janairu 2025

Hazo ya sauko sosai makon nan, da safe ko duwatsun Dogon Dutse ba a gani. Ta hagu ta sake dusashewa, alhali tiyon fes yake. Da fitilar waya na duba ƙananan hujin makirufo biyu da ke saman na'urar, na ga sun yi jar ƙura, kuma ƙurar ta kama ta yi danƙo. Man kaɗanyar da Baba ke shafawa a fuska da bayan kunne saboda kaushi shi ke riƙe ta. Na kifa na'urar, hujin na kallon ƙasa, na share da ɗan buroshinta don dattin ya zubo waje maimakon ya shige ciki. Ba allura, ba tsinke. Yanzu sai man ya shiga jiki ya goge hannu sannan ya taɓa su.

Wani mai gyaran waya a Dilimi ya ce in kawo ya buɗe ya wanke da sifirit. Na gode masa na wuce. Abin da ke ciki ƙanana ne ƙwarai, kuma an saita shi ne da kwamfuta daidai da raunin jin mutum ɗaya.

Na kuma lura idan Baba ya dawo daga sallar asuba cikin wannan sanyi ya zauna kusa da kaskon wuta, tiyon yana yin gumi daga ciki. Na samo kwalba mai murfi na zuba ƙwayoyin nan masu tsotse danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, na'urorin suna kwana a ciki. A nan na yi kuskure guda: kwana huɗu ina sa su har da batir. Batirin da ya saba kai kwana goma sha ɗaya, a kwana bakwai ya mutu, don bushewa tana rage masa rai. Yanzu batir a kan faranti yake kwana.

Litinin, 13 ga Janairu

Iyakar abin da zan iya a gida ke nan, don haka yau muka tafi sashen kunne. Mun daɗe a layi, amma zuwan ya biya.

Malamar da ke gwajin ji ta leƙa kunnen dama da fitilarta, ta ɗago ta ce, "Baba, da me kake sosa kunne?" Ya ce gashin kaza, wani lokaci ashana. Ta ce dattin ya taru ya zama bango, kuma sosawar ce ke tura shi ciki, robar ma tana hana shi fitowa da kansa. Sautin da na'urar ke turawa yana dukan bangon ya dawo waje. Ga kafa ta biyu. Ta tambaya ko kunnen ya taɓa zubar da ruwa ko an taɓa yi masa aiki, da muka ce a'a sai ta rubuta maganin ɗigawa na kwana biyar don ya yi laushi, a dawo likita ya cire.

Sai ta karɓi na'urar ta matsa tiyon da yatsa biyu. Ya yi rawaya ya ƙandare kamar busasshen kara, kuma da ta lanƙwasa shi sai ga 'yar tsaga dab da inda ya haɗu da ƙugiya. Kafa ta uku. Ta ce tiyo ana canja shi duk bayan wata huɗu zuwa shida, namu kuwa shekara biyu bai motsa ba. Na ji nauyi, don da na sani da tuni an yi. Cikin minti biyar ta canja duka biyun. Ta kuma ce robar dama ta yi masa yawa, tunda ya rame bayan jinyar da ya yi bara, kuma kunne ma yana sakewa da shekaru. Za a ɗauki sabon awo bayan an cire dattin.

Na faɗa mata zancen wutar NEPA. Ta buɗe ƙofar batirin hagu ta nuna mini ƙarfen da batir ke taɓawa, ya yi ɗan kore-kore. Ta goge, ta ce mu sa ido.

Kafin mu fito na sayi abin sauraro, wani tiyo mai kama da na likita da ake maƙala wa na'urar ka ji abin da mai ita ke ji. Da tun farko ina da shi, da rabin wahalar nan ba a sha ba.

Laraba, 22 ga Janairu

An cire dattin shekaranjiya, an cusa wani abu kamar ƙullu a kunnen aka ɗauki siffarsa. Ko da tsohuwar robar, gyare ya yi shiru sai in ya rufe kunnen da mayafi.

Yanzu kowace safiya ina da aikin minti uku. In maƙala abin sauraro, in rage ƙara, in furta sautuka shida: mm, uu, aa, ii, shh, sss. Wani masani a Kanada, Daniel Ling, shi ya tsara su, don sun ratsa muryar ɗan Adam daga mafi kauri zuwa mafi siriri. In na ji ƙirƙir, ko rawa, ko wani ya ɓace, na san akwai magana. Sai in sa wa Baba, in tsaya a bayansa inda ba ya ganin bakina, in furta yana maimaitawa.

Huɗun farko yana kama su daga ƙofar ɗaki. Shh sai na matso. Sss kuwa a hagu babu shi sam, ko ina dab da shi. Na gwada da kalmomi: sara, shara, fara, tsara. Duk "ara" yake ji, sauran yana cikewa da hasashe. Nan na fahimci abin da ya daɗe yana faɗi muna ɗauka rigima ce, cewa yana jin murya amma ba ya jin magana. Wasula suna da ƙarfi da kauri, su yake ji. Baƙaƙen da ke rarrabe kalma da kalma sirara ne, kuma su injin niƙa ya fara cinyewa. Shi ya sa ɗaga murya ba ya taimakonsa, sai ma ya ƙara masa hayaniya. Na tara yaran gidan na ce duk mai magana da Baba ya zo gabansa, ya bari ya ga fuskarsa, ya yi a hankali ba da ihu ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Sabuwar roba ta iso. Aka sa Baba a ɗan ɗakin gwaji aka sake auna jinsa, daga sauti mai kauri na 250 Hz har zuwa siriri na 8,000. Malamar ta ajiye takardar yau kusa da ta shekara biyu da suka wuce, ko ni na ga layin hagu ya ƙara gangarowa daga 2,000 zuwa sama. Ke nan na'urar tana ta aiki ne da awon kunnen da ya riga ya canja. Ta haɗa ta da kwamfuta ta ƙara wa siraran sautuka ƙarfi, tana yi tana sa ni in furta sss daga bayansa, har ya ɗaga hannu.

Da sabuwar robar ta zauna daram sai wata matsala ta ɓullo. Baba ya ce wa malamar, "'Yata, yanzu kuma muryata ce ta cika mini kai, kamar na sa kai a tulu." Ta yi murmushi ta ce ta san za a zo nan. In an toshe kunne ruf, muryar mutum da taunarsa suna bi ta ƙashi su taru a ciki. Maganinsa ɗan hujin iska a jikin robar, amma in hujin ya yi faɗi gyare zai dawo ta nan. Ta ɗan buɗa shi kaɗan, ta rage kaurin sauti, ta ba shi goro ya tauna a gabanta. Ya ce da dama-dama.

A gida da dare ƙorafi ya koma kan kwanuka. Cokali in ya taɓa faranti sai ya runtse ido. An riga an gaya mana haka za a yi, don ƙwaƙwalwar da ta daɗe ba ta ji waɗannan sautuka ba tana buƙatar makonni kafin ta saba, kuma ba ta sabawa in na'urar tana cikin gwangwanin goro. Mun yi yarjejeniya ya daure mako biyu, in bai lafa ba mu koma a rage.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Ya koma majalisa tun ranar Litinin. Maganar kwanuka ta ragu.

Masallaci ne har yanzu da saura. Huɗuba tana zo masa a cakuɗe, kuma na saurari na'urar, lafiyarta ƙalau. Ginin ne: bango da tayil da rufi suna mayar da sauti, ga lasifika huɗu kowace muryarta na isowa a lokacinta. Na'urar ji ta fi aiki idan mai magana bai wuce taku biyu ko uku ba. Baba kuwa ya saba zama can baya jikin bango don ya jingina. Yau muka je da wuri na zaunar da shi a sahu na biyu, gefen da yake ganin fuskar liman, lasifika ɗaya tana kusa da kunnensa na dama. Da muka fito ya ba ni labarin rabin huɗubar. Na yi magana da ladan, ya ce zai riƙa ajiye masa wurin da kujerar roba.

Ta hagu ta ɗauke sau biyu a makon nan. Da na maƙala abin sauraro na ɗan matsa ƙofar batirin da yatsa, sai sautin ya yanke, na saki ya dawo. Wannan ba aikin buroshi ba ne. Na mayar da ita, sun ce sai an aika a canja ƙofar da ƙarfen.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi na biyu. Ta hagu ta dawo ranar Alhamis, na matsa ƙofar ta kowace fuska ba ta yanke ba. Kwana goma sha uku Baba ya yi da kunne ɗaya, ya ce in an kira shi ba ya sanin ta ina aka kira.

Jiya bayan la'asar muka je tafsiri tare, yana kan kujerarsa kusa da mai jan baƙi. Ina satar kallonsa. Wajen tsakiya malam ya kawo wata ƙissa, jama'a suka ce Allahu Akbar, na ji muryar Baba a cikinsu, tare da su, ba bayan sun gama ba. A hanyar gida ya ce malam ya yi sauri a aya ta ƙarshe, bai kama fassarar ba, in tambayo masa.

Sss a hagu har yanzu sai ina taku ɗaya da shi. Malamar ta ce wannan iyakar abin da kunnen ya rage da shi ne. Na rubuta a jikin kalandar ɗakin Inna: canjin tiyo a watan Yuni, duba dattin kunne a rana ɗaya, kuma a ƙaro ƙwayoyin kwalba kafin ruwan Afrilu ya sauka, don damina a Jos danshinta daban ne. Batir saura huɗu a kwali, duk da takardarsu.